LAIFI TUDU NE: YADDA ƊAN ADAM KE FASSARA HALINSA DA NA WASU

Gabatarwa

Ranar Laraba 26 ga watan Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja, ya nufi Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da fiye da mutum 150 da kayansu. Kafin ya kai gaci sai ya dare ya nitse, waɗanda aka ceto da rai kuwa kimanin 20 ne kawai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta bayyana cewa jirgin tsoho ne, kuma an yi masa lodin da ya wuce kima.

Duk lokacin da irin wannan masifa ta auku, da zarar an share hawaye sai tambaya ta biyo baya: me ya jawo? Wani zai ce kwaɗayin mai jirgi ne. Wani zai ce gangancin fasinja ne, tun da sun ga jirgi ya cika amma suka shiga. Wani zai ambaci rashin hanyar mota mai kyau, da ƙarancin jirage, da rashin rigunan ceto, da kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin Tafkin Kainji. Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Kowace amsa tana da nata sakamako, domin wanda ya ce kwaɗayi ne hukunci zai nema, wanda ya ce rashin hanya ne kuwa gyara zai nema.

Yadda mutane ke zaɓen irin waɗannan amsoshi fanni ne da masana ilmin halayyar ɗan Adam a cikin al'umma suka daɗe suna nazari a kansa. A wannan maƙala za mu kira shi jingina dalili, wato yadda mutum ke ɗora dalilin wani aiki a kan mai aikin ko a kan abin da ke kewaye da shi. Za mu duba abin da bincike ya gano, mu auna shi da rayuwar mutanen Shanga da Yauri da Ngaski.

Hali da hali

Masanin da ya aza harsashin wannan nazari shi ne Fritz Heider, haifaffen ƙasar Ostiriya wanda ya koma Amurka. A 1944 shi da Marianne Simmel sun nuna wa ɗalibai wani gajeren majigi mai ɗauke da siffofi uku masu motsi: babbar dala, da ƙaramar dala, da da'ira. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukkansu sai suka ba da labari kamar na mutane, suna cewa babbar dalar azzaluma ce, da'irar kuma matsoraciya. Ke nan zuciyar ɗan Adam ba ta ganin motsi ta ƙyale, sai ta nema masa niyya da ɗabi'a.

A littafinsa na 1958, Heider ya nuna cewa dalilan da muke bayarwa sun kasu kashi biyu. Akwai dalilin ciki, wato ɗabi'ar mutum da niyyarsa da iyawarsa. Akwai kuma dalilin waje, wato matsin da ya samu kansa a ciki, da wuyar aikin, da sa'a. Abin sha'awa shi ne harshen Hausa ya haɗa duka biyun a kalma guda. Idan aka ce "halinsa ne," ɗabi'a ake nufi. Idan aka ce "halin da yake ciki ne," yanayi ake nufi. Duk gardamar da ake yi a wannan fanni ba ta wuce tantance wane hali ne daga cikin biyun ya haifar da aiki ba.

Babban kuskure

Bincike ya nuna cewa idan muna kallon wani, mukan ba ɗabi'arsa nauyin da ya wuce kima, mu rage wa yanayi nauyinsa. A 1967 Edward Jones da Victor Harris na Jami'ar Duke sun ba ɗalibai wani rubutu su karanta, wanda ko dai yana goyon bayan shugaban Kuba, Fidel Castro, ko yana sukarsa. An gaya wa wasunsu ƙarara cewa marubucin ba shi ya zaɓi ɓangaren da ya kare ba, umurtarsa aka yi. Duk da haka sai suka ɗauka cewa abin da ya rubuta yana nuna ra'ayinsa na gaskiya. A 1977 Lee Ross na Jami'ar Stanford ya laƙaba wa wannan ɗabi'a sunan babban kuskuren jingina dalili.

Don mai karatu ya ga irin ƙarfin da yanayi ke da shi, sai ya dubi gwajin John Darley da Daniel Batson na 1973. Sun tura ɗaliban wata makarantar horar da limaman coci a Princeton su je wani gini su yi jawabi, aka kuma ajiye wani mutum a kan hanya yana nishi kamar mara lafiya. Daga cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya sun taimaka. Daga cikin waɗanda aka ce musu sun makara kuwa, kashi 10 ne kawai suka tsaya. Gaggawa ce ta raba su, amma wanda ya tsaya a gefe yana kallo zai ce waɗancan masu tausayi ne, waɗannan kuma marasa imani.

Tarihin Tafkin Kainji ya ba mu misali na gida. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300. Tsohon garin Bussa ya nitse, haka ma tsibirin Foge da gungaye masu yawa. An tashi mutum kimanin 44,000, a cikinsu akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Hausawa, aka gina musu sababbin ƙauyuka da bulon siminti da rufin asbestos. Daga baya wasu iyalai sun bar waɗannan gidaje, wasu kuma sun gina ɗakunan laka da jinka a gefensu. Baƙon da ya zo daga birni zai iya cewa wannan taurin kai ne da ƙin ci gaba. Amma wanda ya zauna ya tambaya zai ji wasu dalilai: zafin ɗakin da rana, da nisan gona, da cewa gidan bulo ba ya faɗaɗuwa cikin sauƙi idan iyali sun ƙaru. Manomin albasa da ya saba ban ruwa a bakin kogi ya wayi gari gaɓar da ya sani ta ɓace, lokacin cikar ruwa da janyewarsa ma ya canza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Me ya sa muke faɗawa cikin wannan kuskure? Dalili na farko shi ne mutum ake gani da ido, yanayi kuwa sau da yawa ɓoye yake. Muna ganin ɗalibi ya shigo aji a makare, ba ma ganin tafiyar da ya sha. Dalili na biyu ya fito ne daga binciken Daniel Gilbert da abokan aikinsa a 1988, inda suka nuna cewa hukunci a kan ɗabi'a yana zuwa da kansa nan take, amma gyara shi ta hanyar tuna yanayi yana buƙatar natsuwa. Mutanen da aka shagaltar da tunaninsu da wani aiki sun kasa yin wannan gyara. Saboda haka malamin da ke fama da aji mai ɗalibai tamanin ya fi kowa kusa da wannan kuskure, ba don muguntarsa ba, sai don shi ma yanayi ya matsa masa.

Gwano ba ya jin warin jikinsa

Idan aka juyo kan namu aikin, sai ma'aunin ya canza. A 1971 Edward Jones da Richard Nisbett sun kawo ra'ayin cewa mai aiki yakan jingina aikinsa ga yanayi, mai kallo kuma ya jingina shi ga ɗabi'a. An yi shekaru ana koyar da wannan a matsayin doka, sai a 2006 Bertram Malle ya tattara sakamakon bincike 173 ya tarar ba haka abin yake a ko'ina ba. Bambancin yana fitowa ne idan abin da ya faru mummuna ne. Idan kyakkyawa ne sai ya juya, mai aikin ya ce ƙoƙarinsa ne, mai kallo ya ce sa'a ce. Wannan darasi ne ga ɗalibin kimiyya, cewa ra'ayi kome shahararsa sai an sake auna shi.

Abin da ya tabbata shi ne son kai wajen jingina dalili. Ɗalibi yakan ce "na ci jarrabawa," amma ya ce "Malam ya kayar da ni." A 1981 Ola Svenson ya tambayi ɗalibai masu tuƙa mota su auna ƙwarewarsu da ta sauran abokansu. Kashi 93 cikin ɗari na Amurkawa da kashi 69 na 'yan Suwidin suka sa kansu cikin rabin da ya fi ƙwarewa, alhali lissafi ya nuna rabi ba ya wuce kashi 50. Direban jirgin da ya yi shekaru yana haye tafki da lodi mai yawa lafiya zai jingina tsirarsa ga gwanintarsa, ya manta da cewa iska ce ba ta taso ba, kututture kuma bai tare shi ba. Ta haka son kai ke zama haɗari ga rayuka.

Wannan son kai ba ya tsayawa ga mutum ɗaya, yakan kai ga ƙabila da sana'a. Thomas Pettigrew ya bayyana a 1979 cewa idan namu ya yi ɓarna mukan ce tilas ce ta sa shi, idan na wasu ya yi sai mu ce ai halinsu ne. Idan kuma na wasun ya yi abin kirki, mukan ce shi daban yake da sauransu. A ƙasa irin ta Yauri, inda manomi da makiyayi da masunci ke haɗuwa a fadama guda idan ruwa ya janye, wannan tunani na iya mayar da ɓarnar saniya ɗaya ta zama gaba tsakanin al'ummu biyu.

Ɗora wa wanda masifa ta faɗa wa laifi

Akwai wani abin mamaki game da yadda muke kallon waɗanda bala'i ya samu. A 1966 Melvin Lerner da Carolyn Simmons sun sa ɗalibai mata sun kalli wata budurwa da suka ɗauka ana gana mata azaba da wutar lantarki, alhali wasan kwaikwayo ne. Waɗanda ba su da hanyar taimaka mata sai suka koma suna rage mata daraja. Lerner ya fassara wannan da cewa zuciya tana son ta gaskata duk abin da ya sami mutum shi ya jawo wa kansa, domin idan masifa na iya faɗa wa mara laifi, to mu ma ba mu tsira ba. Wanda ya ce fasinjan jirgi ganganci suka yi, sau da yawa kansa yake kwantar wa hankali, yana cewa da shi ne da bai shiga ba.

Ga kuma abin da Baruch Fischhoff ya gano a 1975. Idan aka gaya wa mutane yadda wani al'amari ya ƙare, sai su ga kamar tun farko a fili yake cewa haka zai ƙare. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Bayan jirgi ya nitse kowa ya san lodinsa ya yi yawa, amma matar da ke tsaye a gaɓa da kayan sayarwarta, wadda ta sha ganin jirgin ya haye da irin wannan lodi, kuma ba ta da wani abin hawa, ba ta da wannan sani.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ana wanke kowa daga laifi ne. Wanda ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida yana da alhaki a wuyansa. Abin lura dai shi ne, idan aka hukunta mutum ɗaya aka bar yanayin yadda yake, wanda zai maye gurbinsa zai tarar da matsin da na farko ya tarar. Haka nan imani da ƙaddara yana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, amma bai hana a ƙirga fasinja a sa musu rigar ceto ba.

Tambayoyi uku na Kelley

A 1967 Harold Kelley ya tsara hanyar da mai hankali zai bi kafin ya yanke hukunci. Mu ɗauki misalin masuncin da kamunsa ya ragu. Tambaya ta farko, shin sauran masunta ma kamunsu ya ragu? Ta biyu, shin wannan mutum a harkar su kawai yake samun koma baya, ko har a gona da sauran ayyukansa? Ta uku, shin kullum haka yake, ko bana ne kawai? Idan shi kaɗai ne, a kowane aiki, kuma kowace shekara, to dalilin yana jikinsa. Idan kuwa kowa abin ya shafa, sai a nemi dalili a cikin ruwa.

Tarihin tafkin ya nuna amfanin tambaya ta farko. An ƙiyasta kifin da aka kama a Kainji a 1971 ya haura tan 28,000, amma zuwa 1978 ya sauko ƙasa da tan 5,000. Ba lalaci ne ya sauko wa masunta gaba ɗaya ba. Sabon tafki yakan bunƙasa da kifi a shekarunsa na farko saboda ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe suna ruɓewa su zama abinci, daga baya abin ya lafa. Ga kuma yawan masuntan da suka kwararo, da amfani da koma mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. A nan ma kowane masunci zai ce maƙwabcinsa mai haɗama ne, shi kuwa iyali ne suka yi masa yawa. Gaskiyar ita ce dukkansu yanayi ɗaya suke ciki, inda duk kifin da ka bari wani ne zai kama. Shi ya sa aikin haɗin guiwa na Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin, wanda ya gudana a shekarun 1990, ya mai da hankali ga kafa ƙa'idojin da suka hau kan kowa, tare da sa hannun sarakuna da shugabannin masunta.

Al'ada tana da nata tasiri

Ba duk al'ummu ne ke jingina dalili iri ɗaya ba. A 1984 Joan Miller ta kwatanta mutanen Chicago a Amurka da na Mysore a Indiya. Ƙananan yaran ƙasashen biyu bayaninsu kusan ɗaya ne, amma manyan Amurkawa sun fi ambaton ɗabi'a, manyan Indiyawa kuma sun fi ambaton matsayin mutum da nauyin da ke kansa. A 1994 Michael Morris da Kaiping Peng sun nuna wa ɗalibai majigin kifaye, ɗaya yana gaba sauran suna baya. 'Yan ƙasar Sin sun fi Amurkawa jingina motsin kifin ga matsin sauran garken.

A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun wannan fanni ya tarar kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na jama'ar duniya. Wannan fili ne ga ɗalibanmu, domin al'adar Hausa tana da nata ma'auni. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci. Karin maganarmu ma ta riƙe ɓangarorin biyu. Mun ce hali zanen dutse ne, mun kuma ce ruwa ba ya tsami banza. Tarbiyyar addini ta ƙara da koyar da kyautata zato da neman uzuri ga ɗan'uwa.

Amfani ga malami da ɗalibi

Bernard Weiner ya nuna cewa dalilin da ɗalibi ya jingina faɗuwarsa gare shi yana shafar abin da zai yi gobe. Wanda ya ce "ba ni da ƙwaƙwalwar lissafi" ya zaɓi dalilin da ba ya canzawa, don haka zai ajiye littafi. Wanda ya ce "ban yi bita ba" ko "hanyar karatuna ce ba ta yi ba" ya zaɓi dalilin da ke hannunsa. A 1982 Timothy Wilson da Patricia Linville sun sanar da wasu 'yan shekarar farko na jami'a masu fama da karatu cewa yawancin ɗalibai makinsu yakan gyaru bayan shekarar farko. Waɗanda suka ji wannan bayani makinsu ya fi na sauran ƙaruwa, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka bar makaranta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya shafi ɗaliban sakandare fiye da 12,000 a Amurka, ya sami irin wannan amfani ga masu rauni a karatu, ko da yake ƙaruwar 'yar kaɗan ce. Ke nan gyaran tunani yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin malami da littafi da kujera.

Malami na iya gwada wannan ilmi a ajinsa, kamar yadda Ross da Teresa Amabile da Julia Steinmetz suka yi a 1977. A yi ƙuri'a a gaban kowa a fitar da ɗalibai biyu, ɗaya mai tambaya, ɗaya mai amsa. Mai tambaya ya shirya tambayoyi 10 masu wuya daga abin da shi ya sani. Bayan an gama, sauran ɗalibai su rubuta wanda suke ganin ya fi ilmi. A gwajin asali, masu kallo da masu amsa sun fifita mai tambaya, sun manta cewa ƙuri'a ce ta ba shi damar baje kolin saninsa. Daga nan sai aji ya tattauna sau nawa muke ɗaukar matsayin mutum a kan shi ne ƙimarsa.

Kammalawa

Mun ga cewa ɗan Adam yakan yi gaggawar jingina aikin wani ga ɗabi'arsa, ya yi wa kansa uzuri idan ya faɗi, ya yabi kansa idan ya ci nasara, ya kuma ɗora wa wanda masifa ta faɗa wa laifi don ya sami kwanciyar rai. Sanin wannan ba ya kawar da shi gaba ɗaya, sai dai yana koya wa mutum dakatawa. Kafin Malam ya rubuta "malalaci" a takardar sakamakon yaron da ke zuwa daga wata tunga ta bakin ruwa a ƙasar Shanga, yana da kyau ya bincika ko sauran yaran tungar ma suna makara, ko a duk darussa yaron ke baya, ko kuma lokacin cikar ruwa ne kawai. Ɗalibi shi ma ya yi wa kansa waɗannan tambayoyi ranar da sakamako ya fito, ya auna kansa da mudun da yake auna abokinsa. Magabata sun riga sun faɗa cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.